Abin da ke cinye zakarun boksin tun suna da jini a jika

Ranar 17 ga Maris, 1990, a otal ɗin Hilton da ke Las Vegas, saura sakan biyu a kaɗa ƙararrawar ƙarshe, alƙalin wasa Richard Steele ya ɗaga hannu ya tsayar da damben Meldrick Taylor da Julio César Chávez. Biyu daga cikin alƙalan maki uku Taylor suke bai wa nasara a lokacin, ɗaya ya rubuta 108 da 101, ɗayan 107 da 102. Da Steele ya yi jinkirin ƙiftawar ido, da ɗan Amurkan mai shekara 23 ya zama mutum na farko da ya ci Chávez, gwarzon Meksiko da ya hau dandalin da dambe 68 ba a taɓa yin galaba a kansa ba. Har gobe masoya boksin ba su gama musu a kan wannan hukunci ba. Wasu na cewa fashi aka yi wa yaron da rana tsaka. Wasu na cewa ai Steele ya tambaye shi ko lafiya har sau biyu bai amsa ba, ya waiga yana kallon mutanensa, kuma aikin alƙali duba idon ɗan dambe ne, agogo na da mai shi.

Musun na da daɗin yi, sai dai yana ɗauke hankali daga abin da ya fi muhimmanci a daren. Kafin a kai ga sakan biyun nan, Taylor ya riga ya shafe minti 35 da sakan 58 yana karɓar naushin Chávez. Yaro ne mai saurin hannu na ban mamaki, kafin Chávez ya kai ɗaya shi ya kai uku, shi ya sa yake ta tara maki. Amma ɗan Philadelphia ne, garin da ake ganin gazawa ce ɗan dambe ya kai naushi ya ja da baya, don haka ya tsaya ana ba-ni-in-ba-ka da mutumin da hannunsa ya fi nasa nauyi nesa ba kusa ba. Naushin Taylor ana gani ana tafi. Na Chávez ba ya ɗaukar ido, amma a haƙarƙari da kwiɓi da ƙashin fuska yake sauka. Kafin turmi na sha biyu masu kula da Taylor suka gaya masa damben ya yi kankankan, lallai ya ci wannan turmin, alhali da zagaya dandali kawai ya yi na minti uku da ya tafi gida da kambu biyu. Ya fito ya tsaya, Chávez ya same shi da hannun dama ya kai shi ƙasa. Da aka isa asibiti aka tarar ƙashin da ke kewaye da idonsa ya tsage, yana fitsarin jini, ya kuma haɗiye jinin bakinsa mai yawa har sai da aka yi masa ƙarin jini.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne Taylor bai durƙushe nan take ba. A Janairun 1991 ya haura ajin nauyi ya ƙwace kambun WBA, ɗaya daga cikin hukumomin boksin na duniya, daga hannun Aaron Davis, aka ce ai ya warke. Sai ga shi a Mayun 1992 Terry Norris ya gama da shi a turmi na huɗu, a Oktoban shekarar kuma Crisanto España ya gama da shi a na takwas a Landan ya karɓe kambun. Shekarunsa 26 a lokacin. Ya sake haɗuwa da Chávez a 1994, bai wuce turmi na takwas ba. Ya ci gaba da dambe a ƙananan wurare har 2002, kuma da tashar HBO ta yi hira da shi a 2003 domin tuna wancan dare, da ƙyar ake fahimtar abin da yake faɗi. Wannan fa shi ne yaron da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984 yana ɗan shekara 17.

Masu horar da 'yan dambe sun daɗe da sanin cewa shekarun ɗan dambe iri biyu ne: na takardar haihuwa, da na dukan da kansa ya sha. Na biyun ne ke yanke hukunci. Kowa na shiga sana'ar da iyakar abin da jikinsa zai iya ɗauka, babu wanda ya san yawan nasa, kuma atisaye ba ya ƙara shi. Wani yakan ci nasa da tsimi cikin shekara ashirin ko fiye, kamar Bernard Hopkins, wanda shi ma ɗan Philadelphia ne amma ya ƙi gadon garinsu, ya ƙware wajen hana a taɓa shi, har ya ci damben kambun duniya yana da shekara 49. Wani kuwa dare ɗaya ya ishe shi.

Domin a gane dalili sai an leƙa cikin ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙashi ba, cikin ruwa take, ga ta da taushi. Idan naushi ya sauka a haɓa ko a gefen muƙamuƙi, kai yakan juya da saurin da ƙwaƙwalwar ba za ta iya bi ba, sai ta murɗe ta bugi ƙashi. Illa iri biyu ke biyo baya. Ɗaya ta gaggawa ce: ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta su tsinke, jini ya taru ya danne ta, in ba a buɗe kan an kwashe shi da wuri ba, ko mutuwa ko naƙasa. Ɗayar kuwa a ɓoye take zuwa. Siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa suna ta lalacewa kaɗan-kaɗan, wani sinadari da ake kira tau yana taruwa inda bai kamata ba, sai bayan shekaru a ga mutum yana jan magana, yana tangaɗi, yana mantuwa, yana fushi ba gaira ba dalili.

Ba sabon sani ba ne. Tun 1928 Harrison Martland, likita mai binciken gawa a jihar New Jersey, ya rubuta bayanin wannan ciwo a mujallar likitocin Amurka, ya kuma nuna cewa 'yan kallo da masu shirya dambe sun riga likitoci gane alamarsa. A 1969 aka fitar da binciken wani likita a Ingila, A. H. Roberts, wanda ya duba tsofaffin 'yan dambe 224 ya samu alamar lalacewar ƙwaƙwalwa a jikin kashi 17 cikin ɗari, kuma waɗanda suka fi yawan dambe su suka fi kamuwa. A 1973 wasu likitocin Ingilan ƙarƙashin John Corsellis suka yanka ƙwaƙwalen 'yan dambe 15 da suka mutu, suka ga ɓarnar da idonsu. Matsalar da ta rage ita ce har yanzu ba a iya tabbatar da ciwon, wanda likitoci ke kira CTE, sai bayan mutum ya mutu. Ɗan dambe zai iya wuce gwajin hoton kai na neman lasisi sumul, alhali aikin gama ya soma gamawa a ciki.

Dokokin wasan kansu suna taimaka wa ɓarnar. A damben gargajiya, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, kuma turmi uku ne iyaka. Hannun da aka ɗaure da zare ba ya wasa, shi ma yana illa, amma wanda aka buge ba ya komawa fage a wannan karon. A boksin kuwa, wanda aka kai ƙasa ana ƙirga masa goma. In ya miƙe a takwas ya ɗaga hannu, sai a goge masa safar hannu a mayar da shi gaban wanda ya kayar da shi, daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fi rauni. Ita kanta safar hannun, hannu take karewa fiye da kai. Ita ke bai wa mutum damar ya yi ta dukan ƙoƙon kan ɗan'uwansa turmi goma sha biyu ba tare da yatsunsa sun karye ba. Ga kuma rage nauyi: da yawa sukan matse ruwan jikinsu cikin 'yan kwanaki domin su hau sikeli a ajin da bai kai nauyinsu na ainihi ba, su hau dandali jiki bai gama dawowa ba. Sakamakon duk wannan shi ne jarumta ta zama abin da ke cutar da mai ita. Ragon da ya zauna har aka ƙirga goma ya tafi gida da naushi ɗaya. Jarumin da ya tashi sau uku shi ke kwasar ɗari.

Irin illar farko, ta gaggawa, ita duniya ta fi sani, domin a gaban kyamara take faruwa. Ranar 13 ga Nuwamba, 1982, Ray Mancini ya doke Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a turmi na sha huɗu a Las Vegas, bayan 'yan kwanaki Kim ya mutu. Hukumar WBC ta rage damben kambu daga turmi 15 zuwa 12, sauran hukumomin suka bi sahu kafin shekarun 1980 su ƙare. Shi ma Mancini, wanda ya ci damben, bai daɗe ba: ya rasa kambunsa a 1984, ya ajiye safar hannu a 1985 yana da shekara 24, dawowar da ya yi daga baya sau biyu ba ta haifar da komai ba.

Labarin Michael Watson ya fi koyar da darasi. A filin ƙwallon White Hart Lane da ke Landan, ranar 21 ga Satumba, 1991, Watson na gaba da maki, har ya kai Chris Eubank ƙasa a turmi na sha ɗaya. Eubank ya tashi ya sakar masa naushi ɗaya daga ƙasa zuwa haɓa, Watson ya faɗi ƙeyarsa ta bugi igiya. An tsayar da damben a farkon turmi na sha biyu, Watson ya yanke jiki ya faɗi. Babu kayan farfaɗo da numfashi a bakin dandali, aka kuma ɓata lokaci mai tsawo kafin a kai shi asibitin da ke iya tiyatar ƙwaƙwalwa. Ya yi kwana 40 bai san inda kansa yake ba, aka yi masa tiyata shida. Yana da shekara 26. Daga baya ya kai Hukumar Damben Birtaniya kotu, ya yi nasara a 1999, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2000 cewa haƙƙi ne a kan hukumar ta tanadi kulawar gaggawa. Abin da ya same shi ne ya sa aka tsaurara tanadin likitoci a bakin dandali a Ingila. Wannan tanadi ya ceci ran Gerald McClellan ɗan Amurka a Fabrairun 1995, lokacin da ya durƙusa a turmi na goma a dambensa da Nigel Benn, jini ya taru a kansa. Ransa kawai aka ceto. Ya makance, jinsa ya ragu ƙwarai, yana ɗan shekara 27, 'yan'uwansa mata ke jinyarsa tun daga lokacin.

Amma mafi yawan waɗanda suka ƙone da wuri ba su da wani dare guda da za a nuna a ce ga shi. Wilfred Benítez na Puerto Rico shi ne babban misali, kuma a ganina babu labarin da ya kai nasa nuna yadda baiwa ke zama tarko. Mahaifinsa, Gregorio, shi ne mai horar da shi, yayyensa biyu 'yan dambe ne, a gidan dambe ya buɗe ido. Ya shiga damben kuɗi a 1973 yana da shekara 15. Ranar 6 ga Maris, 1976, a San Juan, ya doke Antonio Cervantes na Kolombiya, ƙasurgumin zakara mai shekara 30 da ya kare kambunsa sau goma, ya zama zakaran duniya yana da shekara 17 da wata biyar. Har yau babu wanda ya karya wannan tarihi, kuma da wuya a karya shi, tunda wurare da dama yanzu ba sa ba ɗan ƙasa da shekara 18 lasisi.

Benítez ba irin Taylor ba ne. Gwanin kaucewa ne, yakan jingina da igiya ya saki hannu, naushi na wucewa ta gefen kunnensa kamar an gaya masa inda za su biyo. Wannan baiwa ce ta sa ya raina atisaye, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mahaifinsa na fama da shi kafin ya shiga ɗakin horo. Duk da haka ya karɓe kambun Carlos Palomino a 1979, ya kai Sugar Ray Leonard har turmi na sha biyar a Nuwamban shekarar kafin a tsayar saura sakan shida, ya doke Maurice Hope a 1981 ya zama wanda ya ci kambu a ajin nauyi uku daban-daban yana da shekara 22, ya kuma yi wasa da hankalin Roberto Durán a Janairun 1982. A Disamban 1982 Thomas Hearns ya ci shi da maki. Yana da shekara 24, kuma daga nan bai sake riƙe kambu ba.

Abin da ya faru shi ne duk tsaronsa a kan saurin ido da saurin motsi ya dogara, su kuwa su ne farkon abin da ke gudun ɗan dambe. Wanda ya koyi tsaro da ɗaga hannu da taka ƙafa daidai zai iya tsufa da shi. Wanda ya dogara da ganin naushi kafin ya iso, ranar da idonsa ya yi jinkirin ƙiris, duk abin da a da yake wucewa sai ya fara sauka. Ga shi kuma an fara ƙirga masa duka tun yana yaro, domin naushin damben gwaji a ɗakin horo ba ya shiga kundin tarihin kowa, alhali turmin da ɗan dambe ke yi a wurin ya ninka na gaban 'yan kallo sau da yawa. Benítez ya sha kashi a hannun Mustafa Hamsho a 1983, ya karya idon sawu a dambensa da Davey Moore a 1984. A 1986 aka doke shi a garin Salta na Ajantina, ya maƙale a ƙasar fiye da shekara guda babu kuɗi, sai da aka je aka dawo da shi gida. Bai daina ba sai 1990. A 1996 aka shigar da sunansa zauren girmama gwarazan dambe, a lokacin kuwa ciwon ƙwaƙwalwa ya riga ya kama shi, ya koma hannun mahaifiyarsa, bayan rasuwarta 'yar'uwarsa ta karɓi jinyar.

Akwai kuma waɗanda gaggawar manya ta cinye. A shekara ta 2000 Félix Trinidad, zakaran duniya ɗan Puerto Rico, shi kaɗai ya karya matasa biyu da ake ganin su ne gobe. David Reid ya ci zinare a Olamfik ta Atlanta a 1996, ya zama zakaran WBA a dambensa na 12 kacal. Yana da matsalar fatar ido da ke saukowa ta rufe masa gani, an yi tiyata ba ta gyaru ba, kuma masu kula da shi sun san lokacinsa ƙayyadadde ne. Maimakon a ja da baya, sai aka ƙara sauri domin a kwashi abin da za a kwasa. A dambensa na 15 aka haɗa shi da Trinidad mai dambe 36 ba faɗuwa. Reid ya kai shi ƙasa a turmi na uku, daga nan shi Reid ɗin ya sha ƙasa sau huɗu. Ya bar dambe a 2001 yana da shekara 28. Bayan wata tara da damben Reid aka kawo Fernando Vargas, mai shekara 22, wanda ya ci kambun hukumar IBF kwana biyar bayan ya cika 21. Trinidad ya kayar da shi sau biyu a turmin farko, yaron ya tashi ya yi dambe na a-zo-a-gani, ya sake faɗuwa sau uku a turmi na sha biyu. An yaba masa ƙwarai. Bayan wannan dare ya riƙa faɗuwa da naushin da a da yake shanyewa, Oscar De La Hoya ya tsayar da shi a 2002, Shane Mosley sau biyu a 2006, ya yi ritaya yana da shekara 29.

Mike Tyson ba ya bukatar dogon bayani, sai dai a lura cewa nasa rushewar daga wajen dandali ta faro. Ya zama zakaran masu nauyi a Nuwamban 1986 yana da shekara 20. Cus D'Amato, dattijon da ya raine shi, ya rasu shekara guda kafin nan; manajansa Jim Jacobs ya rasu a Maris 1988; bayan ya gama da Michael Spinks cikin sakan 91 a Yunin shekarar, ya sallami kocinsa Kevin Rooney. Duk mai iya ce masa a'a ya kau. Salonsa na sunkuyo da kaɗa kai yana bukatar ƙafa da numfashi da horo kullum, da horon ya ragu sai ya koma mai jiran naushi ɗaya. Ranar da Buster Douglas ya doke shi a Tokyo, 11 ga Fabrairu, 1990, mutanensa ba su ma zo da ɗan ƙarfen da ake danna kumburin ido da shi ba, safar roba suka cika da ruwan sanyi. Shekararsa 23. Sauran labarin, da kurkuku a 1992 bisa laifin fyaɗe, da cizon kunne a 1997, da karyewar arziki a 2003, kowa ya san shi.

Wani saurayi a Najeriya ya kalli damben Tokyo ɗin nan, shi ne ma aka ce ya ja shi zuwa boksin. Ike Ibeabuchi, ɗan asalin jihar Abiya, ya koma Dallas a Amurka a 1993, tsohon zakaran duniya Curtis Cokes ya horar da shi. A Yunin 1997 a Sacramento ya kara da David Tua, wanda ba a taɓa ci ba kuma kowa ke tsoron hannun hagunsa. Su biyun suka jefa naushi 1,730 cikin turmi 12, adadin da a lokacin ba a taɓa ƙirga irinsa ba a ajin masu nauyi, 975 daga ciki na Ibeabuchi ne, shi ya kuma ci. Bayan damben ya yi kukan ciwon kai mai tsanani, asibiti ya duba bai ga komai ba. Bayan wata biyu ya yi wani mummunan haɗarin mota a Texas da ya naƙasa wani yaro, ya yi zaman kaso na 'yan watanni a kansa. Ya fito aka ci gaba da haɗa masa dambe. A Maris 1999 ya buge Chris Byrd a turmi na biyar, Byrd ɗin da daga baya ya riƙe kambun duniya sau biyu. A Yulin shekarar aka kama Ibeabuchi a wani otal a Las Vegas bisa zargin cin zarafin wata mata. Kotu ta fara samun cewa hankalinsa bai kai a yi masa shari'a ba, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, likitoci suka ce yana da ciwon da ke jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, daga baya aka yanke masa hukunci. Ya shiga tsare yana da shekara 26, da dambe 20 ba faɗuwa, ya shafe wajen shekara 16 a ciki. Laifin da ya yi nasa ne, kuma akwai waɗanda ya cutar. Amma tsakanin 1997 da 1999 alamun rashin lafiyarsa a fili suke ga duk wanda ke kusa da shi, sai dai mutumin na dab da damben miliyoyin daloli, babu wanda ke son ya zama mai cewa a dakata.

A nan ne duk labaran suke haɗuwa, wato a tsarin kuɗin. Ɗan dambe ba shi da albashi. Ba shi da kulob ɗin da zai ci gaba da biyansa in ya ji rauni, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, kuma in ka cire 'yan wurare kamar jihar California, ba shi da fansho. Ranar da ya hau dandali ita ce ranar samunsa, haka ma duk waɗanda ke kewaye da shi. Bisa al'ada manaja na iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku na ladan, koci kashi goma cikin ɗari, mai tsayar da jinin rauni nasa kason, hukumar da ke da kambun wajen kashi uku cikin ɗari, sannan kuɗin sansanin horo da haraji. Duba jerin nan da kyau: su ne mutanen da ya kamata su ce masa ya isa haka, kuma kowanensu ranar da ya faɗi hakan ya yanke wa kansa abinci. Ana samun masu tsoron Allah, kamar Eddie Futch da ya hana Joe Frazier fita turmin ƙarshe da Muhammad Ali a Manila a 1975, amma ana yawan ambaton sunansa ne saboda irinsa ba su da yawa.

Sunan tsohon zakara kuma haja ne ko da jikin ya ƙare. Mai shirya dambe da ke gina sabon yaro yana bukatar sanannen suna da yaron zai doke, tsohon zakaran kuma na bukatar kuɗi, domin ya saba da kashewa irin ta lokacin ganiya, ga dangi da 'yan rakiya. In hukumar wata jiha ta hana shi lasisi, sai a tsallaka wata jihar ko wata ƙasar da ba ta tsananta bincike. Majalisar Amurka ta yi doka a 1996 da ta tilasta wa jihohi mutunta dakatarwar lafiya da wata jihar ta yi, ta ƙara wata a 2000 mai ɗauke da sunan Muhammad Ali da ta hana mutum ɗaya zama manaja kuma mai shirya dambe ga ɗan wasa guda, ta kuma wajabta bayyana masa kuɗin da aka samu. Sun rage wani abu. Amma babu hukuma guda da ke iko da boksin a Amurka, balle a duniya, kuma babu dokar da ke ƙirga naushin ɗakin horo.

Waɗanda suka fita da ƙafarsu da hankalinsu kusan duk abu ɗaya ya haɗa su: sun tara abin da zai riƙe su. Naseem Hamed, ɗan asalin Yaman da aka haifa a Sheffield, ya sha kashi sau ɗaya a hannun Marco Antonio Barrera a 2001, ya ƙara dambe ɗaya a 2002, ya tafi yana da shekara 28, yana kukan ciwon hannu. An zarge shi da rashin zuciya, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Andre Ward ya ajiye a 2017 yana da shekara 33 da dambe 32 ba faɗuwa, a lokacin da ake ɗaukarsa gwanin gwanaye, ya ce jikinsa ba zai ƙara ɗaukar wahalar ba. Irin wannan zaɓi ba kowa ke da shi ba. Mafi yawan masu lasisin dambe ba su taɓa kusantar kambun duniya ba, ana kiransu ne 'yan kwanaki kafin wasa su cike gurbi, suna kan hanya daga wannan gari zuwa wancan, har shekaru su ja ba su da wata sana'ar. Ranar 29 ga Maris, 2025, Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da Afirka ta Yamma mai shekara 40, ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a dandalin Bukom da ke Accra, aka garzaya da shi asibitin Korle Bu, a can aka tabbatar da rasuwarsa.